Ƙarashen Maganar Malam

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa da shi ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, nan kan hanyar Maska in ka baro Funtua, ya san bakina. Lokacin da nake da ƙarfi, in na shimfiɗa tabarma bayan an ci tuwo, yaran unguwa har da iyayensu mata sukan cika min tsakar gida. Yanzu ma faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun kada ta gyara min ko kalma ɗaya, kada kuma ta riga ni.

Sunaye kam ba za ku ji ba. Mutum biyu ne a tsakiyar wannan magana, mijina da ɗana na fari, kuma mace irina ba ta kama sunan ko ɗaya daga cikinsu. Mijina Malam nake ce masa. Ɗan kuwa tun yana goye sai dai in ce "kai", ko in ce "wancan", har ya yi furfura a haka.

Malam manomi ne, ɗan manomi. Gonarsa babba tana kan tudu, gabas da gari, inda jar ƙasa take gangarowa ta haɗu da baƙa. Auduga yake zubawa a cikinta tun kafin a kawo ni gidan. Mutum ne mai ƙarfin hannu da nauyin baki. Magana a wurinsa kamar jan guga ce a rijiya mai zurfi, sai ka gaji da jira kafin ruwan ya iso. Zai ce, "Gobe in Allah ya kai mu," sai ya tsaya yana kallon kaji. Ni kuwa harshena ba ya zama wuri ɗaya. Sai in ce, "A kai taki gonar tudu." Ya ce, "Haka." Zai ce, "Yarinyar nan," in ce, "Takalminta ya tsinke, ranar kasuwa a sayo." Ya ce, "Haka." A wannan "haka" muka yi zaman aurenmu, muka aurar da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa jin kanmu. Matan unguwa sukan tsokane ni su ce Malam ne ke ɗora tukunya, ni ke saukewa.

Tatsuniyata ma da irin wannan salon take tafiya, sai dai a nan ni ce mai tsayawa. In na zo wurin waƙa, ko wurin da kowa ya san abin da zai biyo baya, sai in ɗauke murya in bar yara su ƙarasa. Wancan nawa shi ya fi kowa saurin cafewa. Har ya kai ba ya jira in tsaya, ina tsakiyar magana zai ce, "Sai kura ta cinye shi!" Ni kuma don in koya masa hankali sai in karkatar da labarin nan take, in sa kurar ta faɗa rijiya. Yara su yi ta yi masa dariya, ya kumbura baki ya ce ba haka na faɗa wancan karon ba. In ce masa, "Wancan karon daban, yau daban. Labarin nawa ne ko naka?"

A shekarun da aka fara kawo takin zamani da sabon irin masara, mutane suka soma rage auduga, wani abu ya faru wanda ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Wani maƙwabcinmu ya rasu. Malam yana cikin masu haƙa kabari, don ba a taɓa yin rasuwa a unguwa bai ɗauki diga ba. Ya dawo daga makabarta ya zauna bakin randa yana wanke hannu, ya wanke, ya sake wankewa. Na kawo fura ya kau da kai. Na jira ya fara magana in kama masa, bai fara ba. Abin da mutum bai fara ba kuwa ba ka da inda za ka riƙe. Washegari ya ɗauki fartanya ya tafi gona, maganar ta wuce.

Wancan ya yi karatu har Zariya. Da ya dawo aka ɗauke shi aiki a wani ofishin harkar noma a Funtua, a ɗakin da suke ajiye kwamfuta. Lokacin ba a daɗe da raba mu da Kaduna ba. In mutane suka tambaye ni aikin me yake yi, sai in ce yana magana da inji, in wuce. Ban sani ba, ban kuma yarda in nuna ban sani ba.

A kakar wannan shekara, an gama tsinkar auduga ke nan, Malam ya sunkuya zai yi alwalar la'asar ya kife a kan buta. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ɓarin dama a shanye. Hannu ya tafi, ƙafa sai ja, harshe kuma ya ɗaure. Abin mamakin, in salla ce ko addu'ar da ya haddace tun yana yaro, sai ta fito sumul daga farko har ƙarshe. Amma maganar kansa, wadda zai ƙulla da kansa, kalma biyu ce ko uku sai ta tsaya masa a maƙogwaro, jijiyar wuyansa ta tashi, ido ya kawo ruwa.

Nan ne na san amfanina. Ya ce "Ru," kafin ya rufe baki na kawo ruwa. Ya dubi ƙofa, na san rana yake so a fitar da shi ya sha. Bargo, buta, goro, asuwaki, a juya shi, a kira liman, ban taɓa kuskure ba. Ina faɗa da babbar murya, ba wata mace a ƙasar Funtua da za ta yi jinyar nan yadda na yi ta.

Sai dai ni iyakata ƙofar tsakar gida. In an fitar da shi zaure wurin maza masu zuwa dubiya, ƙaninsa ne ke zama kusa da shi yana ƙarasa masa. Wannan ƙanin miji nawa abokin wasana ne tun ina amarya, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna da baki ba. Mutumin kirki ne, yana ƙaunar ɗan'uwansa, amma shi ma harshensa a gaba yake da tunaninsa.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Malam ya soma wata magana da bai taɓa kaiwa ƙarshenta ba. Zai ɗaga hannun hagu ya nuna gabas ya ce, "Gonar tudu. Bana." Sai ya tsaya.

A zaure ƙaninsa ya ce wa mutane, "Yaya cewa yake bana ma auduga za a zuba, yadda aka saba." A cikin gida ni na ce masara yake nufi, don kafin ya kwanta na ji shi yana yaba masarar wani maƙwabci. Rannan muka haɗu a kansa, yana kwance a inuwar ɗaki.

"Matar yaya," in ji ƙanin, "ke da ko kuyya ɗaya ba ki taɓa ja ba, ina kika san abin da gona take so?"

"Gona ban sani ba, mai gonar na sani. Kai da kake kwana a gidanka, ni ke kwana da tarinsa."

"Tun kina tallan gyaɗa yake shuka auduga a wurin nan."

"Tun kana yawo ba wando nake ƙarasa masa magana. Malam, ba masara ba?"

"Yaya, ba auduga ba?"

Malam ya dube ni, ya dubi ƙaninsa. Ya buɗe baki ya ce, "Gonar," muka ce a tare, ni "masara", shi "auduga". Sai ya ɗaga hannun nan na hagu ya daki tabarma da shi, dukan da ƙura ta tashi. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya ja jikinsa da ƙyar ya juya fuska ga bango.

Daga ranar ya daina fara magana. Ko "ru" ɗin ma ya bari. In na kawo kunu ya kurɓa kaɗan ya ture. Idonsa a buɗe, yana kallon bango. Ciwon bai ƙaru ba, mai duba shi ya ce jikin yana nan yadda yake, amma ni ina ganin mutumin yana janyewa kamar ruwan rafi da rani. Na san akwai abin da yake so ya faɗa kafin ya tafi, na kuma ga alamar zai tafi da shi a ciki. Wannan shi ya hana ni sukuni, ba maganar shuka ba.

Ana cikin haka maganinsa ya ƙare. Wancan ya zo da babur ya ɗauke ni zuwa Funtua, don ni ce na san yadda zan yi wa mai ba da magani bayanin jikin. Da muka gama ya ce, "Inna, ki yi haƙuri mu biya ofis, akwai wadda take jirana, ba zan daɗe ba." Na ce zan zauna a gindin bishiya. Ya ce rana ta yi zafi, in shigo.

A bakin ƙofar ɗakin aka ce in tuɓe takalmi, sai ka ce masallaci. Ciki sanyi kamar randa. Ga wani abu kamar talabijin a kan tebur, gilashinsa baƙi, rubutu kore yana haske a jiki, ga faranti mai maɓallai a gabansa. Wata budurwa tana zaune tana bugawa. Da ta gan ni ta miƙe ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da Hausar da ta fi ta wasu 'ya'yan ƙauyenmu daɗi. 'Yar wani Inyamiri ce mai sayar da kayan babur a kasuwa, Kirista, amma a Funtua aka yanke mata cibiya.

"Mama, sannu da zuwa. Yaya jikin Baba? Gara da kika zo, in kawo miki ƙarar ɗanki."

"Me ya yi miki, 'yata? Faɗa min in ja kunnensa, bai fi ƙarfina ba."

"Ya ƙera wani abu mai shegen surutu, ya kusa sa ni kuka."

Wancan ya yi dariya ya jawo min kujera. Ya ce, "Inna, wannan abin yana da yarensa. Ba ya jin Hausa, Turancin ma ba kowanne ba. In kana so ya yi maka aiki sai ka rubuta masa umarni, layi bayan layi, a wani allon rubutu da ke cikinsa. Ka kuskure harafi ɗaya, sai ya toge kamar jakin da ya ga gada. Umarnin kuma suna da yawa, wasu dogaye, mutum ba ya iya riƙe su duka a ka."

"To kai me ka ƙera?"

"Allon ba ni na yi shi ba, da shi injin ya zo. Ni ɗan ƙari na ɗaura masa, kamar yadda ake ɗaura wa garmar shanu mazubin iri. Yana zaune a gefe yana kallon abin da kake bugawa. Ka buga farkon umarni, ya kawo maka ƙarshensa. Ka buɗe magana ka manta ba ka rufe ba, ya nuna maka layin. Ka kira wani aiki, ya tuna maka abubuwan da aikin yake bukata."

Na ce, "Ashe sana'ata ka sata ka kai wa inji." Budurwar ta tuntsire da dariya har da tafa hannu.

"Ai Mama na farkon da ya yi ba shi da kunya," in ji ta. "Kina buga harafi biyu zai cusa miki sauran, bai tambaye ki ba. Abin da aka fi yawan bugawa shi yake sawa. Yawanci ya dace, shi ya sa na saki jiki. Rannan ina rubuta wani sabon aiki na rabon iri, ba irin wanda muka saba ba, ya dinga sa min tsofaffin umarni ina wucewa ban lura ba. Aka buga sakamako ya fito a karkace, sai da na warware shi tun daga tushe. Na ce masa ko ya cire abin nan ko ni in bar masa ɗakin."

"Ka cire?" na tambaye shi.

"Ban cire ba, tarbiyya na sake masa. Zo ki gani."

Ya sa yatsa ya buga maɓalli biyu ko uku. Sai ga wasu 'yan layuka sun fito a ƙasan inda yake rubutu, a jere, wani ɗan haske yana ƙiftawa a wurin. Ya janye hannunsa ya naɗe a ƙirji. Muka zuba ido. Abin bai motsa ba.

"Me yake jira?"

"Ni yake jira. Ya kawo abin da ya sani, ya ajiye a gabana. In na taɓa ɗaya, shi ke nan ya sa. In ban taɓa ba, ko za mu kai magariba a nan ba zai sa komai ba."

"In abin da kake nufi ba ya cikin abin da ya sani fa?"

Ya mayar da hannu ya ƙara buga wasu haruffa. Layukan nan suka ragu, suka ragu, suka ɓace gaba ɗaya. Allon ya koma fili, sai ɗan hasken kaɗai yana ƙiftawa.

"Sai ya kauce ya bar min wurin in rubuta da kaina. Wannan ne ya fi ba ni wuya, Inna. Koya masa kawo magana bai ɗauke ni lokaci ba. Koya masa ya san inda saninsa ya ƙare ya yi shiru, shi ne na sha fama. Ina cikin yi na tuna kurar nan da kike jefawa rijiya don ki kunyata ni."

Na daɗe ina kallon ɗan hasken nan. Bai ambaci mahaifinsa ba, ni ma ban ambata ba. Yaro ne mai kunya, ba zai zaunar da uwarsa ya yi mata karatu ba, ban kuma san ko da niyya ya biyo da ni ta ofishin ba. Ban taɓa tambayarsa ba har yau. A kan babur muna komawa, mun wuce gonakin da aka fara sharewa, na ce da bayansa, "Gobe ka zo da safe. Ka biya ka taho da baffanka." Ya ce to.

Da hantsi muka zauna a ɗakin Malam, mu uku. Aka tayar da shi aka jingina da bango. Na ce wa ƙaninsa, "Yau ni da kai ba mu da baki. Wancan zai yi tambaya."

"Ke ce za ki yi shiru? Bari in kira mutane su zo kallo."

"Kira su. Amma ka fara rufe naka."

Wancan ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, maganar gonar tudu. Zan faɗi abu ɗaya ɗaya. In na faɗi wanda kake nufi, ka taɓa hannuna. In babu, kada ka taɓa, ba mai gaggawa." Ya ajiye hannunsa a kan tabarma kusa da na hagun Malam. Ya ce auduga, ya jira. Ya ce masara, ya jira. Dawa. Gyaɗa. A bar ta ta huta bana. A ba wani aro. A raba wa 'ya'ya tun yanzu. A sayar. Kowanne ya faɗa sai ya tsaya, hannun Malam yana nan inda yake.

Abin da muka sani ya ƙare. Wancan ya ce, "Baba, namu ya ƙare. Saura naka." Ya sunkuyar da kai.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Ana daka a maƙwabta, ina jin kowace saukar taɓarya a ƙirjina. Kalmomi suna ta zuwa min baki, ina da guda goma da zan iya miƙa masa, na danne su da haƙori har na ji ɗanɗanon jini. Ƙaninsa ya buɗe baki, na ɗora masa ido, ya mayar ya rufe. Malam yana ta kokawa, leɓensa yana rawa, zufa tana bin goshinsa. Inuwar ƙofa ta matsa daga inda take.

Can ya ce, "Ku kai." Ya tsaya. Ba wanda ya tanka. Ya ja numfashi. "Ni." Ya sake tsayawa. "Can."

Wancan ya ce a hankali, "A kai ka gonar?" Hannun Malam ya sauka a kan nasa.

Mahaifin budurwar nan ne ya ba da a-kori-kurarsa, ya ma tuƙo ta da kansa, ya ce Malam ya taɓa taimakonsa da shanu ranar da motarsa ta kafe a laka. Aka shimfiɗa katifa a baya. Liman ya biyo mu da wani dattijon unguwa, don sun ga ana fitar da marar lafiya. Ni ma na yafa mayafi na hau, ban tambayi kowa ba.

A bakin gona aka sauke shi, ɗansa a dama, ƙaninsa a hagu. Bai tsaya a gangare inda ƙasa take da kyau ba. Ya dinga nuna sama da haɓa, suna ɗauke da shi yana jan ƙafa, har can ƙarshen tudu inda jar ƙasa take da tauri, ruwa ba ya kwanciya. Nan ya sa aka durƙusar da shi. Ya sa hannun hagu ya damƙi ƙasa. Ya buɗe baki, sai ga addu'a ta fito, a miƙe, ba gargada, muryarsa ta da. Yana yi yana sakin ƙasar kaɗan kaɗan, sau uku.

Ni ban gane ba. Mu mata ba ma zuwa makabarta, ban taɓa tsayawa inda ake karanta wannan ba. Fuskokin mazan na duba. Liman ya cire hularsa ya mayar. Ƙanin Malam ya saki kafaɗar yayansa ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga. Wancan ne ya waiwayo ya ce min a hankali, "Inna, abin da ake karantawa ne in ana zuba wa mamaci ƙasa."

Liman ya matso ya tsuguna. Shi ma bai yi gaggawa ba. Ya ce, "Malam, nan kake so a sa ka in lokaci ya yi?" Malam ya taɓa hannunsa, amma bai tsaya nan ba. Ya ɗaga hannun ya zagaya da shi, daga bishiyar kaɗanya har zuwa jikin dutse, ya nuna gari, ya sake zagayawa. Ya ce, "Kowa."

Liman ya ce, "Ka ba gari wannan tudun ya zama makabarta, saboda Allah?"

"Haka," in ji Malam.

Rabona da jin kalmar nan tun kafin ya faɗi.

Ƙaninsa ne ya ba ni sauran labarin a hanyar dawowa, yana share ido. Ranar nan da Malam ya dawo yana ta wanke hannu, suna haƙa ne a tsohuwar makabarta, wadda gidaje suka riga suka kewaye ta, ba sauran wuri. Digarsa ta faɗa kan ƙasusuwan wani, a daidai inda yake zaton nan aka sa mahaifiyarsu. Suka mayar da ƙasa suka matsa gefe, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Shekara da shekaru yana ɗauke da abin. Ni da na san tarinsa da numfashinsa ban san wannan ba, kuma ba yadda za a yi in sani, don bai taɓa faɗar makamancinsa ba balle in ce ga inda ya dosa.

Kafin a mayar da Malam mota wancan ya ce, "Baba, saura gangaren. Auduga?" Shiru. "Masara?" Shiru. "Dawa?" Malam ya taɓa hannunsa. Na dubi ƙanin mijina, ya dube ni, ido jajir.

"Matar yaya, mun faɗi mu biyu."

"Kai ka faɗi. Ni dama ban tsaya takara da yaro ba."

Malam ya yi wani sauti a maƙogwaro, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. A ranar ya shanye kununsa har ya nemi ƙari.

Ya ga an kafa iyaka, an dasa aduruku a kewaye, mai unguwa da shaidu sun tabbatar. Ya ga dawar ta fito ta yi kai. A watannin nan na koyi wani irin zama da shi. Ruwa da bargo da goro ina nan ina cafewa kamar da, don wannan ba sai an wahalar da shi ba. Amma in na ga ya ɗauko wata magana daga nesa, sai in ajiye abin da ke hannuna in zauna. Wani lokaci ta iso, wani lokaci ba ta iso ba. Waɗanda suka iso na riƙe su, ba kuma zan sa a rubuta su a nan ba.

Bai kai girbi ba. Shi aka fara sawa a tudun.

Ɗan ƙarin nan da wancan ya ƙera, an ce wasu ofisoshi sun karɓa sun yi aiki da shi, daga baya aka kawo sababbin injuna da nasu a ciki, aka manta da shi. Yanzu har wayar da ke hannun yara tana yi, na ga tana miƙo musu kalma tun ba su nema ba. Ba na cewa komai.

Kabarin ban taɓa gani ba, ba kuma zan gani ba sai ranar da aka kai ni. In mota ta bi da ni ta hanyar Maska nakan sa a rage gudu daidai wurin. Adurukun sun girma sun haɗe kai, daga titi ba ka hango komai sai su da kan kaɗanyar. An ce min tudun ya kusa rabi. Ƙanin Malam yana ciki, liman yana ciki. Na gaya wa wancan, tun yana da sauran ƙarfin ji, in an tashi a duba min gefen kaɗanya in da wuri, in babu kuma duk inda aka samu, ai Malam cewa ya yi kowa.